Yadda Ake Auna Ingancin Rayuwar Mara Lafiya Bayan Tiyatar Wuya ta Cutar Daji

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin duba marasa lafiya na sashen kunne, hanci da maƙogwaro a garin Kaduna ya san yadda gaisuwar take tafiya. Likita ya ce, "Baba, yaya jikin?" Dattijo ya amsa, "Da sauƙi, likita, mun gode Allah." A duba ɗinki a ga ya warke, a lalube wuya ba a ji wani kumburi ba, a rubuta a kati cewa komai lafiya, a ce ya dawo bayan wata uku. Sai lokacin da ya miƙe zai mayar da rigarsa ne mai lura zai ga ya tallabo hannun dama da na hagu, ya sunkuyar da kai ƙasa ya tarbi hular maimakon ya kai ta sama, kafaɗa ɗaya kuma ta zube ta bar 'yar'uwarta. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya shiga kati.

Abin nan da ya ɓace tsakanin "da sauƙi" da sanya hula shi ne masana ke kira ingancin rayuwa, kuma ana iya auna shi a rubuta da lamba kamar yadda ake rubuta hawan jini, muddin an bi hanyarsa. Bayanin da ke tafe domin ma'aikatan asibiti ne, wato likitoci da nas-nas da masu gashin ƙashi da ɗaliban da ke shirin bincike, ko da yake mai jinya ma zai ƙaru da sanin abin da ya kamata a tambayi ɗan'uwansa.

Mataki na farko: a san irin aikin da aka yi

Cutar dajin baki, ta harshe, ta maƙogwaro da ta bayan hanci takan fara yaɗuwa ne ta kaluluwar wuya, shi ya sa likitan tiyata ke buɗe wuyan ya kwashe kaluluwar tare da kitsen da ke kewaye da ita. Likitoci sun raba wuya shiyya shida domin a san inda aka taɓa da inda aka bari. Tsohon salon aikin, wanda George Crile na Amurka ya bayyana a 1906, yana kwashe shiyya ta 1 zuwa ta 5 gaba ɗaya, ya haɗa da abubuwa uku: tsokar da ta taso daga bayan kunne ta sauko kan ƙashin ƙirji, babbar jijiyar jini da ke dawo da jini daga kai, da jijiya ta 11 cikin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙoƙon kai. A 1963 Osvaldo Suárez na Ajantina ya nuna cewa ana iya kwashe kaluluwar a bar waɗannan ukun, daga baya kuma aka samu salon da ke zaɓar wasu shiyyoyi kawai ya bar saura.

Jijiya ta 11 ita ce uwar zancen, domin ita ke motsa faffaɗar tsokar da ta taso daga ƙeya ta bazu kan kafaɗa har tsakiyar baya. In an yanke ta, tsokar takan motse, kafaɗa ta zube, allon kafaɗa ya ɗago, ɗaga hannu ta gefe ya gagara, ciwo kuma ya zauna. Ko ba a yanke ta ba, janyewar da ake yi mata lokacin aiki, musamman a saman shiyya ta 2 da cikin shiyya ta 5 inda take ratsawa, tana iya kwantar da ita na watanni kafin ta farfaɗo. Ban da kafaɗa akwai mutuwar fatar wuya da ta leɓen kunne, karkacewar leɓen ƙasa, kumburin haɓa saboda ruwan jiki ya rasa hanyar wucewa, da ƙagewar wuya, wadda gashin na'ura da ake yi wa masu cutar daji ke ƙara tsanantawa.

Saboda haka kafin a yi wa mara lafiya tambaya ko ɗaya, a buɗe takardar tiyata a kwafo waɗannan a shafin farko: ɓangaren da aka yi wa aiki, ko duka biyun, shiyyoyin da aka kwashe, ko an bar jijiya ta 11 ko an yanke ta, abin da aka cire a tushen cutar, kamar wani sashe na harshe ko maƙogwaro, ko an ɗebo tsokar ƙirji an cike gurbi da ita, tunda wannan ma yana taɓa kafaɗa, da ko an yi gashi ko an ba da maganin daji ta jijiya. A ƙara da shekarun mutum, sana'arsa, da hannun da yake aiki da shi. Tela bahago da aka yi wa aiki a hagu da malamin makaranta da ke rubutu da dama ba abu ɗaya suka rasa ba, ko da wuƙa ɗaya ce ta bi wuyansu.

Mataki na biyu: zaɓen ma'auni

Ba a ƙirƙiro tambayoyi da ka. Akwai takardun tambayoyi da aka gwada aka tabbatar suna auna abin da aka ce suna aunawa, kuma uku daga cikinsu sun isa a sani.

Wanda ya fi kusa da wannan aiki shi ne NDII, da aka fitar a Jami'ar Mishigan a 2002 musamman domin waɗanda aka yi wa tiyatar kaluluwar wuya. Tambaya goma ce kan makonni huɗu da suka wuce: ciwon wuya ko kafaɗa, ƙagewa, kula da kai kamar wanka da sa tufafi da taje gashi, ɗaukar abu mara nauyi, ɗaukar mai nauyi, miƙa hannu sama, yawan zirga-zirga gaba ɗaya, cuɗanya da jama'a, shaƙatawa, da aiki har da na gida. Kowace tambaya tana da amsa biyar.

Na biyu shi ne UW-QOL na Jami'ar Washinton, wanda ya fara fitowa a 1993. Zubinsa na huɗu yana duba abu 12 cikin kwana bakwai da suka wuce: ciwo, kamanni, kuzari, shaƙatawa, haɗiya, tauna, magana, kafaɗa, ɗanɗano, yawu, yanayin zuciya da fargaba. Abin da na fi so a jikinsa shi ne yana neman mara lafiya ya zaɓi abubuwa uku da suka fi damunsa, sannan ya bar fili a ƙarshe mutum ya faɗi abin da ba a tambaye shi ba. Rauninsa shi ne tambaya ɗaya tak yake yi a kan kafaɗa.

Na uku na ƙungiyar binciken cutar daji ta Turai ne, EORTC, mai hedikwata a Beljiyam: QLQ-C30 mai tambaya 30 da ake yi wa kowane mai cutar daji, tare da ƙarin na kai da wuya, wanda tsohon zubinsa ke da tambaya 35, sabon kuma 43 ya sako batun kafaɗa da kumburin wuya. Wannan ya dace da bincike da ake son kwatantawa da na wasu ƙasashe, amma tambaya 73 da za a karanta wa mutum da baki a ranar da layi ya kai baranda abu ne da ba zai ɗore ba. Shawarata ga asibitin da ke son fara wannan aiki ita ce a haɗa NDII da UW-QOL, a tsaya a kansu, kada a riƙa sauya ma'auni a tsakiyar tafiya, domin makin wannan ba ya fassaruwa zuwa na wancan. A kuma nemi izinin masu ma'aunin kafin a fara. EORTC, alal misali, tana buƙatar a yi rajista.

Mataki na uku: mayar da tambayoyin Hausa

A nan aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Abin da aka saba gani shi ne takarda tana Turanci, nas ɗin da ke bakin aiki tana fassarawa nan take yadda ya zo mata, gobe wani ya fassara yadda ya zo masa, a ƙarshe a tara maki a ce ma'auni ɗaya aka yi amfani da shi alhali guda goma ne. Da farko a tambayi masu ma'aunin ko suna da fassarar Hausa da suka amince da ita. In babu, a bi ƙa'idar da aka sani: mutum biyu da Hausa ce harshensu na haihuwa su fassara kowa shi kaɗai, a zauna a daidaita fassarorin su zama ɗaya, wasu biyu da ba su taɓa ganin asalin ba su mayar da ita Turanci, a kwatanta a ga inda ma'ana ta kauce, sannan a gwada ta a kan marasa lafiya 10 zuwa 15 ana tambayar kowannensu abin da ya fahimta da kowace jimla.

Akwai ramuka da Hausar kanta ke haƙa wa mai fassara. A rubuce, wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ke nufin wahala kalma ɗaya ce, kuma takardar da ke cewa "kana shan wuya wajen juya wuya" za ta sa mai karatu ya yi tuntuɓe. A yi amfani da "wahala" a bar wa gaɓar sunanta. Haka gashi: akwai na kai, akwai gashin na'ura da ake zuwa asibitin Shika a Zariya dominsa, akwai gashin ƙashi, kuma mara lafiyar da aka tambaya ko an yi masa gashi yana iya amsawa da e alhali tsumma da ruwan zafi yake nufi. Ita ma kalmar "ingancin rayuwa" Hausar rediyo ce; tsohuwa daga Rigasa za ta ɗauka ana tambayar ta batun abin hannu, gara a ce mata "yadda kike jin daɗin zamanki na yau da kullum."

"Shaƙatawa" ta fi su wahala. Ka tambayi magidanci ko ciwon ya hana shi shaƙatawa, zai ce shi ba yaro ba ne. Amma yana da majalisar da yake zama bayan la'asar, yana da dara ko kallon ƙwallo, matarsa tana da hira da ziyara. Cuɗanya da jama'a kuwa a wurinmu ita ce biki da suna da gaisuwar mutuwa da sallar jam'i ko zuwa coci ranar Lahadi. A tsara waɗannan misalai tun wajen fassara, a buga su a ƙarƙashin tambayar, ta yadda kowane mai tambaya misalan nan zai bayar, ba waɗanda suka faɗo masa ba.

Amsoshi biyar ɗin na NDII ma sai an tsaya a kansu: ko kaɗan, kaɗan, tsaka-tsaki, da yawa, ƙwarai da gaske. Mutane da dama ba sa jin tazara tsakanin biyun ƙarshe in da baki aka faɗa. Dabarar da ke taimakawa ita ce a zana kwano biyar a kwali, na farko wayam, na ƙarshe cike maƙil, a ce kwanon damuwa ne, mutum ya nuna da yatsa. Wannan yana ceton wanda aka cire wa maƙogwaro ba ya iya magana. Tunda kuma Kaduna gari ne na kowa, za a samu Bagwari ko Bajju ko Bafulatani da Hausa ba ita ce ta gidansu ba, da wanda ya fi son Turanci. A rubuta a saman takarda da wane harshe aka yi tambayar, a kuma ci gaba da shi a kowane zuwa.

Mataki na huɗu: izini da lokutan awo

A gaya wa mara lafiya dalilin tambayoyin, a tabbatar masa cewa ƙin amsawa ba zai rage masa kulawa ba, kuma ba kuɗi za a karɓa ba, ba kuma tallafi za a raba ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin wanda ya zaci ana tantance mabuƙata ne zai ƙara gishiri. In bincike ne da za a wallafa, dole a sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin tun kafin a fara, a kuma kiyaye dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023: lamba ake sa wa takarda, sunan yana can a wani littafi da ke kulle.

Awo na farko kafin tiyata ake yin sa, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa, saboda yawancin marasa lafiyarmu sukan zo ne cutar ta yi nisa, hankalin kowa yana kan neman jini da kuɗin aiki. Amma in babu shi, duk abin da ya biyo baya lamba ce da ba ta da abokin gwami: dattijon da ya samu maki 60 cikin 100 bayan aiki wataƙila dama amosanin gaɓɓai ya riƙe masa kafaɗa tun shekaru biyar. Daga nan a maimaita wajen mako shida bayan aiki, sai wata uku, wata shida da wata goma sha biyu, a haɗa da ranakun da dama zai zo ganin likita don kada a ɗora wa wanda ke tasowa daga Birnin Gwari ko Saminaka ko Kafanchan kuɗin mota na musamman. Da yawa za su wuce sashen gashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika bayan an yi musu aiki a Kaduna, don haka a rubuta ranar da aka fara gashi da ranar da aka gama, domin makin da aka ɗauka ana tsakiyar gashi labarin gashin yake bayarwa fiye da na tiyata.

Mataki na biyar: zaman tambaya

Likitan da ya yi aikin kada ya zama mai tambaya. Mutumin da ke ganin wannan likita ne Allah ya yi sanadin ceton ransa ba zai dubi idonsa ya ce masa hannu ya daina ɗaguwa ba, domin a wurinsa butulci ne. A ba nas ko mai gashin ƙashi ko wani ma'aikaci da aka horar, ba tare da farar riga ba in da hali, kuma a yi kafin shiga wurin likita, tunda labarin da zai ji a ciki, mai daɗi ko akasin haka, zai rina amsoshinsa. Mace ta tambayi mace in zai yiwu. A sami wuri mai ƙofa, ba bencin baranda ba.

Sai batun mai jinya. Ɗa ko miji ko ƙanwa da suka rako mara lafiya sukan karɓe amsa da kyakkyawar niyya, kuma dattijuwa ba za ta ce ba ta iya cuɗa bayanta a gaban surukinta ba. A roƙe su da ladabi su jira a waje: "Yaya, ka ɗan ba mu minti goma da Mama, yanzu za mu kira ka." In dole sai sun zauna, su zauna a bayanta, a gaya musu amsarta ake so ko da sun ga ba haka ba ne.

A yi gaisuwa cikakkiya a bar "da sauƙi" ta fito ta wuce, domin gaisuwa ce, ba amsa ba. Sannan a kafa lokacin da abin da mutum ya sani: kwana bakwai su zama "daga Talatar da ta wuce zuwa yau", makonni huɗu su zama "Juma'a huɗun nan da suka wuce". A karanta tambaya yadda take a rubuce, a karanta amsoshin duka, a yi shiru. Zaman yakan tafi kamar haka:

"Mama, cikin Juma'a huɗun nan, yaya wahalar kula da kanki take, kamar wanka, sa tufafi da gyaran kai?"

"Ai 'yata sai godiya, wasu ma ba su tashi ba."

"Haka ne, Mama, Allah ya ƙara sauƙi. Ɗankwalin nan wa ya ɗaura miki yau?"

"Jikata ce. Hannun ba ya kaiwa ƙeya."

"To a cikin kwanukan nan, wanne ne ya yi daidai da wahalar?"

Ta nuna na huɗu. Mai tambaya ba ta zaɓar mata ba, ba ta ce "to kenan da yawa ko?" ba; ta dai jawo ta daga godiya zuwa ɗankwali, ta mayar mata da kwalin. Wannan ita ce iyakar abin da aka yarda mai tambaya ya yi.

Tambayoyin zuciya sun fi buƙatar lallami. Wanda aka tambaya ko yana fargabar cutar ta dawo yana iya ji kamar ana tuhumar tawakkalinsa, sai ya ce komai na Allah ne ya rufe ƙofa. A riga shi faɗa: "Alhaji, mun san komai na Allah ne, amma zuciya ba ta rasa saƙe-saƙe, musamman da dare, shi muke tambaya." Haka tambayar kamanni: namiji zai ce shi ba mace ba ne, amma in ya fara naɗa rawani ko mayafi a wuya cikin zafin Afrilu, ko ya daina zuwa ɗaurin aure, tabon yana damunsa.

Bayan an gama tambayoyin ma'aunin, ina ganin ya dace a ƙara wasu 'yan kaɗan na gida a wani shafi daban, waɗanda ba za a haɗa makinsu da na ma'aunin ba. Ga Musulmi, salla awo ce da yake yi wa kansa sau biyar a rana: ko hannu yana kaiwa kunne a kabbara, ko yana iya shafar kai a alwala, ko wuya yana juyawa dama da hagu a sallama ko sai ya juya da ƙirjinsa duka. Ga mace, daka da tuƙin tuwo da goyo da ɗora bokiti a ka. Ga direban Keke Napep, waiwaye a mahaɗar hanya. Ga maƙerin Panteka, guduma. A kuma tambayi ko ya koma sana'arsa, da wanda ke ciyar da gidan yanzu. A rubuta lokacin shekara ma, domin bushewar baki ta wanda aka yi wa gashi takan tsananta da hunturu da kuma azumi.

Mataki na shida: awon jiki

Abin da mutum ya faɗa da abin da gaɓa ke yi ba kullum suke tafiya tare ba, shi ya sa ake haɗa su. A cire riga, a tsaya a bayansa a dubi kafaɗun biyu. A sa shi ya ɗaga hannu ta gefe, ba tare da ya karkata jiki ba, a auna da goniyomita, wato ma'aunin kusurwar gaɓa. Lafiyayyen hannu yana kaiwa kusan digiri 180. A auna ɗagawa ta gaba, a auna ɗaya hannun don kwatanci, a lura ko allon kafaɗa yana ɗagowa. Kada a dogara da cewa ya iya ɗage kafaɗa sama, domin wata tsokar tana iya yin wannan aikin ko da jijiya ta 11 ta mutu. A auna buɗewar baki da rula tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa: milimita 35 ko ƙasa da haka alama ce ta ƙagewar muƙamuƙi. A hau sikeli.

Mataki na bakwai: lissafi da karanta maki

A NDII, "ko kaɗan" maki 5 ne, "ƙwarai da gaske" maki 1, don haka jimla tana tsakanin 10 da 50. A cire 10, a raba da 40, a ninka da 100. A ɗauki misalin tela da jimlarsa ta kasance 48 kafin aiki, wato maki 95. Bayan wata uku amsoshinsa suka zama 3, 2, 3, 4, 2, 1, 3, 4, 4, 2, jimla 28. A cire 10 saura 18, a raba da 40, a ninka da 100, ya ba da 45. Faɗuwar maki 50 ke nan, kuma 1 ɗin da ke wurin miƙa hannu sama ta nuna inda matsalar take. A UW-QOL ma kowane fanni daga 0 zuwa 100 yake, babban maki shi ne lafiya, kuma ya fi amfani a duba fannonin ɗaya bayan ɗaya da a narkar da su cikin lamba guda.

A yi hattara da EORTC, domin fuska biyu gare shi: a ɓangaren iya aiki babban maki alheri ne, a ɓangaren alamomin ciwo babban maki tsanani ne. Ƙa'idarsa kan tambayar da aka tsallake ita ce in an amsa aƙalla rabin tambayoyin wani fanni, a yi lissafi da waɗanda aka amsa. In ba su kai ba, a bar fannin babu maki. An kuma saba ɗaukar bambancin maki 10 a ma'auninsa a matsayin canjin da mara lafiya ke ji a jikinsa. A yi lissafin a ranar, a zuba a manhajar kwamfuta irin Excel ko KoboToolbox, amma takardar ta zauna a fayil, makin yau a rubuce kusa da na baya inda likita zai gani da ya buɗe.

Abin da aka saba gani shi ne maki yana faɗuwa ƙasa a watannin farko, musamman wajen ƙarshen gashi, sannan ya riƙa hawowa cikin shekara, ko da yake bushewar baki da matsalar kafaɗar da aka yanke wa jijiya sukan zauna. Wani lokaci maki yana hawa alhali goniyomita ba ta motsa ba, saboda mutum ya saba, ya koyi sa hula da hagu, ya rage abin da yake tsammani daga jikinsa. Wannan ba ƙarya ba ce, amma dalili ne na riƙe awon biyu tare.

Waɗanda ba su dawo ba su ne babban ramin lissafi. Galibi ba waɗanda suka warke ba ne. Waɗanda jiki ya tsananta ne, ko kuɗin mota ya gagara, ko suka koma maganin gida, ko suka rasu. In aka yi lissafi da waɗanda suka dawo kaɗai, sakamakon zai yi kyau fiye da gaskiya. Tun ranar farko a karɓi lambar waya biyu, a kira wanda bai zo ba, a yi masa tambayoyin ta waya in yana iya magana, a rubuta cewa ta waya aka yi. In ɗan'uwa ne ya amsa a madadinsa, a sa alama kada a gauraya da sauran. In rasuwa aka tarar, a yi ta'aziyya yadda ya kamata kafin a tambayi rana.

Mataki na takwas: abin da za a yi da sakamakon

Tun kafin a fara awo a zauna a yanke abin da kowane sakamako zai jawo, domin mutumin da aka tambaya sau uku bai ga an yi komai ba zai koma wa "da sauƙi". Faɗuwar makin kafaɗa ko raguwar ɗaga hannu na nufin turawa gashin ƙashi da wuri, kafin gaɓar ta daskare ta zama ciwo na biyu a kan na farko, a kuma koya masa motsa hannun a gida, kamar tattaka bango da yatsu zuwa sama. Matsalar haɗiya tare da rama tana buƙatar mai ba da shawarar abinci da dubawar likita. Kasala da jin sanyi da ƙiba bayan gashin wuya suna neman gwajin jini na TSH, domin gashi yana iya raunana halittar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Wanda makin zuciyarsa ya faɗi a zauna da shi, a tura shi wurin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, a asibitin da ake ko a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. In ya ambaci gajiya da rayuwa, ba a barin sa ya tafi gida a ranar sai likita ya gan shi.

Akwai kuma amsoshin da ba sa jiran lissafi. Ciwon da ya lafa ya dawo yana ƙaruwa, sabon ƙullutu a wuya, ciwon kunne a ɓangaren da aka yi aiki, jini a yawu, haɗiya ko numfashi da ke ƙara wahala bayan sun fara gyaruwa, duk suna iya zama alamar cutar ta dawo. Mai tambaya ya ajiye biro, ya ɗauki fayil ɗin da hannunsa, ya raka mara lafiya wurin likitan tiyata a ranar, sauran tambayoyin a ƙarasa su bayan an fito.